Motar da aka ƙera a gida: bayan tafi, sai me?

Ba a daɗewa sai an yaɗa bidiyon wani matashi da ya ƙera mota da hannunsa. Bodi na ƙarfen walda, injin babur ko na tsohuwar mota, an shafe ta da fenti, yara na bin ta a guje. Mu kuma mu cika wajen sharhi da "Masha Allah" da "gwamnati ta taimaka masa". In ya yi sa'a a gayyace shi a ɗauki hoto da manya. Bayan sati biyu, tsit. Motar tana ƙarƙashin darbejiya, kaji na kwana a cikinta.

Kowa cewa yake rashin kuɗi ne. E, akwai wannan. Amma ni da na shekara kusan ashirin ina juya fayil a aikin gwamnati, abin da na fi gani shi ne yaron ba shi da ofishin da zai je ya ce: "Ga motata, ku gwada ta, in ta yi ku ba ni lamba."

Ku duba Ingila. Haɗa mota a garejin gida tsohuwar sana'ar nishaɗi ce a can. A 1957 Colin Chapman ya fito da wata 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu, Lotus Seven, ana sayar da ita a wargaje mutum ya haɗa da kansa, domin a lokacin motar da aka saya a haka ba ta biyan harajin sabuwar mota. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, har yau kuma yana sayar da ita. A 1996 wani mai suna Ron Champion ya wallafa littafi yana koya wa mutane su yanka ƙarfe su yi waldar ƙashin motar da kansu, su ciro inji da giya daga tsohuwar Ford Escort. Wato irin aikin da ake yi a Panteka ta Kaduna, da irin kayan da ake saya a Ƙofar Ruwa.

Inda muka rabu da su shi ne ranar da aka gama ɗaure noti na ƙarshe. A can mai motar zai nemi rana a hukumar DVSA, a yi wa motar gwajin da suke kira IVA, wanda ya fara aiki a 2009. Zai kai rasitan kayan da ya saya da hotunan yadda aikin ya gudana, don a tabbatar shi ya haɗa ta kuma ba kayan sata ba ne. Jami'i zai hau da ita kan na'ura ya auna ƙarfin birkin kowace taya. Zai duba inda aka ɗaure bel, ko zai riƙe mutum in an yi karo. Zai auna ƙarar salansa da hayaƙi, da tsayin fitilu, da abin da direba ke hangowa ta madubi. Agogon gudu ba a yarda ya nuna ƙasa da ainihin gudun motar ba. Har kaifin ƙarfe ana bi: duk wani gefe da zai iya taɓa mai tafiya a ƙasa sai an dasashe shi, kuma akwai ma'auninsa, milimita biyu da rabi. Kan noti guda da ya fito tsirara yana iya kayar da mota.

In ta faɗi, a ba ka takarda da jerin abin da za ka gyara, ka koma gida ka gyara, ka dawo. In ta ci, ka kai takardar hukumar DVLA ta yi mata rajista, ka sa inshora, ka hau titi kamar kowa. Motar da aka kasa tantance shekarun kayanta ma ba a kore ta, lamba ce mai farawa da harafin Q ake ba ta.

Wallahi wannan takardar faɗuwa ta fi tafinmu dubu amfani. Wanda ya ce maka "birkinka na baya ya fi na gaba kamawa, motar za ta juya da kai a kan kwana", ya ɗauke ka injiniya. Mai ce maka Masha Allah ya wuce, kallo kawai ya yi.

A nan, duk wanda ya taɓa yi wa mota takardu ya san tambayoyin: lambar casis, lambar inji, wane kamfani, wace shekara, ina takardar kwastan. Fom ne da aka tsara don motar kamfani da 'yar Kwatano. Ma'aikaci kuwa ba ya sa hannu a abin da babu gurbinsa a fom, don in wani abu ya faru shi za a tuhuma. Ba mugunta ba ce, haka aka horar da mu. Sai yaron ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ya jingine motar, ko ya hau titi da ita babu wanda ya taɓa gwada birkinta.

Na biyun ne ke ba ni tsoro. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, mutane ke ta sauya motoci zuwa gas da lantarki. A Oktoban 2024 a Benin ta jihar Edo, wata mota da aka sa wa tukunyar gas ƙirar mai walda ta fashe ana cikin ɗura mata gas, mutane suka jikkata. Basira ba tare da gwaji ba, ga inda take kai mu.

Kuma ba mutane muka rasa ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ya shugabanci hukumar ƙira da bunƙasa motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan bas masu aiki da lantarki, suna ɗaukar fasinja. Muna da hukumar kiyaye haɗurra, da jami'an duba lafiyar ababen hawa a jihohi, da kwalejojin kimiyya da fasaha masu sashen kanikanci.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar biliyoyi. A rubuta ƙa'ida guda a fili, a fassara ta da Hausa, yadda bakanike zai karanta tun kafin ya yanka ƙarfe. A ware wurin gwaji ko da ɗaya ne a kowace shiyya. A samar da hanyar ba wa motar gida lambar casis. Kuɗin gwajin ya zama wanda mai walda zai iya biya, da rasit.

Ku kuma ƙannena masu ƙira, kafin a kai can: ku riƙa ajiye rasitai, ku ɗauki hoton kowane mataki. Kuɗin fenti ku fara zuba shi a birki da sitiyari. Kada ku ɗauki yaran unguwa a motar da ba a gwada ba, don Allah.

Duk wanda ke kusa da ɗan majalisa ko kwamishinan sufuri, ya miƙa masa wannan magana. In bidiyo na gaba ya fito, mu yi Masha Allah ɗinmu, sannan mu tambaya: wa zai gwada ta?

Allah Ya yi wa matasanmu albarka, Ya tsare mu a kan hanya.