Ƙurar Hunturu da Fentin Mota

Da zarar hunturu ya sauka Daura, ƙura ba ta ƙyale komai. Motar da aka wanke da safe, kafin la'asar ta yi furu-furu, balle in ta je kasuwar Mai'aduwa ta dawo.

Akwai wani dattijon direba a garin mai tsohuwar Fijo 504, ƙirar masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, kuma har yau fentinta na sheƙi. Ba ya yarda yara su goge ta da busasshen tsumma, kuma yana da gaskiya. Ƙurar nan yashi ce mai laushi. In aka murza ta a jikin fenti, sai ta bar siraran zane da ba a gani sai rana ta haska. Don haka yakan fara kwarara ruwa, ƙurar ta gangara da kanta, sannan ya ɗauki soso. Garin sabulun wanki kuwa ba ya kusantar motar, saboda yana cinye man da ke kare fenti.

Ƙafafun yake bari ƙarshe, da bokitinsu daban. Yakan durƙusa da ɗan buroshi, ya wanke baƙin birki, ya ciro tsakuwar da ta maƙale a taya, ya duba iska tun rana ba ta yi zafi ba.