Dare ɗaya a Birnin Ƙonni

Wannan wata mun je Birnin Ƙonni, cikin jihar Tawa, dab da iyakar Najeriya. Gari ne na mahaɗar hanya. Manyan motoci daga Yamai, da Maraɗi, da Sakkwato, nan suke kwana.

Da dare, bayan tasha, mun tarar da fadar samari, shayi bisa wuta. Yawancinsu ba su kai shekara 18 ba, amma in kaka ta wuce wasu za su tafi ci-rani Abijan ko Legas. Wata ungozomar likita tana zaune tsakaninsu, tana yi musu bayanin sida, ciwon da aka fara gani a Nijar a 1987.

Wani yaro ya ce ya daina cin tuwo da kawunsa, don ya dawo daga ci-rani a rame. Tsakani da Allah, maganar ta taɓa mu. Ungozoma ta ce masa rama ba shaida ba ce, sai an auna jini ake sani. Sida ba ta bin akushi, ko gaisuwa, ko cizon sauro. Tana bin kwanciya ba kwaroron roba, da aska ko allurar da ta taɓa jinin mai ita. Uwa ma tana iya ba jaririnta, in ba ta shan magani. Maganin ba ya raba mutum da ƙwayar, amma mai shan shi kullum yana noma gonarsa garau.

Yaron ya yi shiru har aka zuba shayi na uku. Sa'an nan ya tambayi ƙarfe nawa ake buɗe likita da safe.