Anacha: Garin kasuwar magani da 'yan mata biyar da suka ɗauko matsalar ƙofar gidansu

 A wannan makon za mu rufe kantin magani mu kama hanya, sai Anacha ta Jihar Anambra, garin da da yawa daga cikinmu suka san sunansa saboda kasuwa ko da ƙafarsu ba ta taɓa taka shi ba. Mai yiwuwa ne ƙwayar da ke cikin durowar ɗakinka yanzu ta bi ta wannan gari kafin ta iso hannunka. A can ne kuma waɗansu 'yan makaranta biyar suka haɗa kai suka yi wani aiki da ya kamata duk mai ɗa a makaranta ya ji labarinsa.

Idan daga Abuja ka taso, mai karatu, ka ware yini guda. Za ka bi ta Lakwaja, inda Kogin Neja da na Binuwai suka haɗu, ka wuce Okene da Auchi da Agbor, ka sauka Asaba, babban birnin Jihar Delta. Daga Asaba kana hango Anacha a ƙetaren ruwa, dogayen benaye a cushe kamar an jera ashana a kwali. Gada biyu ce yanzu a kan kogin. Sabuwar, wadda aka ƙaddamar a watan Mayun 2023, tana kewaye tsakiyar garin ne. Mai son ganin Anacha ido da ido sai ya bi tsohuwar gadar ƙarfe da aka gama a 1965, wadda yaƙin basasa ya lalata aka sake gyara ta. Ka kuma tambaya kafin ka sa ranar tafiya, domin daga 2021 an sha rufe kasuwanni ranar Litinin a garuruwan wannan yanki.

Abin da zai fara tarbarka shi ne hayaniya da hayaƙi: tireloli, keke-napep, janareto, da masu turin kura suna ihu a ba su hanya. A shekarar 2016 alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun sa Anacha a kan gaba cikin biranen duniya wajen yawan ƙura a iska. Saboda haka in kana da asma, abin shaƙarka ya kasance a aljihu, kada ka bar shi a ƙasan jaka, kuma takunkumin hanci ba zai zama asara ba. Za ka ji Hausa a tasha da wajen masu albasa da masu canji, don haka inda za ka yi sallah da inda za ka ci tuwo ba za su gagare ka ba, tambaya kawai za ka yi.

Kana sauka daga tsohuwar gada, kasuwannin bakin gada ne za su rungume ka. A cikinsu akwai wadda ta kawo mu, Ogbo Ogwu, wato kasuwar magani a harshen Ibo, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Layuka ne matsattsu, shago na manne da shago, kwalaye sun kai rufi. Yara masu dako suna ratsawa da katan-katan a ka, ana ɗaure kaya ana rubuta sunan gari a jiki: Jos, Makurɗi, Kano, Yola, har da ƙasashen maƙwabta. Mafi yawan masu shagunan nan neman halaliyarsu suke yi, kuma akwai magani mai kyau birjik. To amma wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma idan kasuwa ta kai wannan girma, marar tsoron Allah ba ya rasa lungun ɓuya.

A idon mai harhaɗa magunguna, haɗarin irin wannan wuri kashi uku ne. Akwai jabu tsantsa, wanda aka kwaikwayi kwalinsa aka zuba alli ko garin sitaci. Akwai wanda sinadarinsa bai cika ba, an sa rabi ko ƙasa da haka. Sai na uku da mutane ba su cika lura da shi ba: magani na gaskiya wanda zafi ya kashe. Yawancin ƙwayoyi an rubuta a jikinsu a ajiye su ƙasa da digiri 30, allurar insulin ta masu ciwon suga kuwa tana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8. Ka duba rufin kwano da rana tsaka ka yi wa kanka lissafi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ƙarfinsa bai cika ba yana iya sauke zafin jiki na kwana biyu ya bar ƙwayar cutar tana hayayyafa a jinin yaro, uwa tana murna an samu sauƙi alhali ciwo na ƙara nisa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, ko dai jabu ne ko bai kai inganci ba.

Wannan kasuwa ta sha ganin kwaɗo a ƙofarta. A watan Maris na 2007 hukumar NAFDAC ta rufe ta na tsawon watanni, a zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili, 'yar asalin jihar kuma masaniyar harhaɗa magunguna, wadda ta rasa 'yar'uwarta a 1988 sanadiyyar jabun insulin, aka kuma harbi motarta a ƙarshen 2003 Allah Ya yi da sauran kwananta. A watan Fabrairun 2025 an sake rufe kasuwar tare da ta Aba da ta Idumota a Legas. Mutanen Kano sun san irin wannan dambarwa, tunda a 2024 aka tashi masu sayar da magani na Sabon Gari zuwa sabuwar cibiya a Dangwauro.

Yanzu mu bar kasuwa mu haura cikin gari. Anacha tsohon garin boko ne. Nan makarantar Dennis Memorial take tun 1925, da Christ the King tun 1933, kuma garin ya yi suna da ƙananan littattafan da ake bugawa a sayar a kasuwa tun kafin 'yancin kai, irin yadda littattafan soyayya suka mamaye kasuwar Kano daga baya. Cikin makarantunsa akwai ta 'yan mata mai suna Regina Pacis, ta cocin Katolika. A 2018 ɗalibanta biyar 'yan ƙaramar sakandare suka kafa ƙungiya suka sa mata suna Save-A-Soul, ma'ana ceton rai, suka shiga gasar Technovation, wadda ake shirya wa 'yan mata na faɗin duniya.

Sharaɗin gasar shi ne ƙungiya ta duba unguwarta ta zaɓo matsala guda, ta gina manhajar waya da za ta taimaka wajen magance ta. Yaran nan ba su je da nisa ba, sun ɗauko abin da ke bakin gadarsu. An ruwaito cewa ɗaya daga cikinsu ta rasa ɗan'uwanta ta dalilin jabun magani, kuma watanni kaɗan kafin gasar ba ta taɓa amfani da kwamfuta ba. Wajen wata biyar suka yi suna aiki da wata malama da ke jagorantarsu, suka gina manhajar FD-Detector da wani dandali na kyauta mai suna MIT App Inventor, inda ake jona umarni kamar ana jera tubali. Manufar ita ce a haska kyamarar waya a kan baƙaƙen layukan nan da ke jikin kwali, manhajar ta duba sahihancin maganin da ranar da wa'adinsa zai ƙare. A watan Agustan 2018, a Amurka, suka ɗauki lambar zinare ta rukunin ƙanana, a gaban ƙungiyoyi daga Amurka da Sifaniya da Turkiyya da Uzbekistan da Sin. Shekara uku kafin nan, 'yan matan Kalaba sun ci rukunin manya da manhajar kwashe shara.

A matsayina na wadda ke tsayuwa a bayan kanta kullum, zan faɗa maka gaskiya: manhaja ita kaɗai ba ta kashe jabu. Wanda ya iya kwaikwayon kwali zai iya kwafe layukan da ke jikinsa, kuma haskawar ba ta da amfani sai da rumbun bayanai na gaskiya daga kamfanoni da hukuma. Shi ya sa tsarin da NAFDAC ta fara a 2010 ya dogara da ɓoyayyar lamba da ake kankarewa a tura ta saƙon waya, kowane kwali da tasa, kuma sau ɗaya take aiki. Darajar aikin yaran tana wani waje. Gasar tana buƙatar bincike, da rubuta manhaja, da tsarin kasuwanci, da bayani a gaban alƙalai, kuma babu yarinya ɗaya da za ta ɗauki wannan duka. Dole a raba aiki, a saurari juna, wadda ta gama nata ta jira ta baya ko ta kama mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma yarinyar da ta yi wata biyar tana nazarin kwalin magani, har ta tsufa ba za ta sayi wanda kwanansa ya ƙare ba, haka ma gidan da ta fito da gidan da za ta shiga.

To uwargida da maigida, ga tsarabar da nake so ku riƙe daga wannan tafiya. A Sabo ta Ibadan ko Agege ko Mararaba ko Fatakwal, yaranmu suna riƙe da waya awa da awanni. Me zai hana a hutun da ke tafe yara huɗu ko biyar na gida ɗaya ko Islamiyya ɗaya su haɗu su gina ƙaramin shafin intanet da Hausa, wanda zai koya wa mutane karanta kwalin magani? Bayanin da ke jikin kwali kusan duk da Turanci yake, iyayenmu mata da yawa kuwa kalar ƙwaya kawai suke ganewa. Akwai dandali na kyauta irin Google Sites da ba ya buƙatar iya rubuta lambobin kwamfuta, kwamfuta ɗaya ta aro ta isa a gina shafin, sauran aikin a yi shi da waya.

Rabon aikin ba shi da wuya. Ɗaya ya zama ɗan bincike, ya tattaro kwalayen da aka gama da su a gida. Ɗaya ta ɗauki hoto ta zana kibiya a kan wuraren dubawa: lambar rajistar NAFDAC, lambar rukunin da aka sarrafa, ranar yi, ranar ƙarewa, suna da adireshin kamfani, yanayin ajiya, da wurin kankarewa in akwai. Ɗaya ya rubuta bayanin da Hausa mai sauƙi, da ƙ da ɗ da ɓ a inda suka dace. Mai zaƙin murya ta naɗi karatun saboda waɗanda ba su iya karatun boko ba. Na ƙarshe ya jera komai a shafi, ya kai wa kaka ta gwada. In kaka ta gane, aiki ya yi. In ba ta gane ba, a koma a gyara, kuma a wannan komawar ce ilimin yake. Za su iya ƙara shafi kan yadda ake neman sunan magani a Greenbook, kundin NAFDAC na intanet da ke ɗauke da magungunan da aka yi wa rajista.

Ku kuma naku aikin shi ne sa iyaka. Kada yara su rubuta adadin ƙwayar da za a sha ko su ce maganin kaza na warkar da kaza, wannan hurumin likita ne da mai harhaɗa magunguna. Kada su kira sunan wani shago ko kamfani da zargi. Kada a sa hotonsu ko lambar wayarsu ko sunan layinsu. Kwalayen da za su taɓa su zama fanko, domin ƙannensu na rarrafe a kusa. Kafin a saki shafin, a kai wa ƙwararren famasist na unguwa ya duba, da wuya ka samu wanda zai ƙi. A yanka musu lokaci, kamar awa ɗaya bayan la'asar a falo inda kowa ke gani, kuma duk bayan minti 20 su ɗaga ido su kalli nesa na daƙiƙa 20 don idanu su huta. Kada kuma a ce aikin maza ne a tura mata wanke-wanke, tunda waɗanda suka ɗauko zinare a Anacha duk mata ne.

Lokacin komawa, in ka samu kujerar taga, ka leƙa ƙasa yayin da mota ke hawa gada. Za ka ga jiragen kwale-kwale masu ɗibar yashi, da tireloli a jere cike da katan-katan sun nufi Arewa. Wani daga cikin kwalayen nan zai ƙare a hannun wata uwa da tsakar dare, ɗanta na zazzaɓi, tana juya shi a hasken tocila. Zai yi kyau a ce a gidan akwai ɗan shekara 12 da ya san inda ake dubawa.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.