Goman Ƙarshe a Alasan Mai Rairai

Mai zuwa Alasan Mai Rairai daga Maraɗi hanyar Damagaram yake kamawa, in ya kai Cadawa ya saki babbar hanya ya miƙe arewa zuwa Mayahi. A nan kwalta take sallamar matafiyi. Abin da ya rage sai rairayi da motocin kasuwa masu buɗaɗɗen baya, waɗanda ake cika wa buhuna, a ɗora mutane bisa buhunan, a rataye kaji a gefe. Mun tashi ne a ƙarshen goma ta wuya, bazara na tsakiyar zafinta, ni da wani abokina malamin gona da ya ƙudurta kai gaisuwar azumi ga tsohon da ya koya masa allo, a wani ƙauye na wannan ƙaramar hukuma ta gundumar Mayahi.

Mayahi tana bakin Gulbin Kaba, busasshen kwari mai goriba jere-jere, inda mata ke samun kabar tabarmi da igiya da faifai. Ba mu daɗe ba, direba na sauri ya ci hanya kafin rana ta take. Da muka fita gari abokina ya hana ni gyangyaɗi. Kowace gona sai ya zungure ni: ga gawo, ga kalgo, ga sabara, can aduwa da magarya, duk a tsaye cikin gonakin da ake jiran ruwan shuka. Wannan shi ne sassabin zamani, kuma in ya fara labarinsa ba ya gajiya.

A da, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa ƙal, ba toho ba kututture. Itace kuma na hukuma ne, ma'aikacin gandun daji na iya cin ka tara a kan bishiyar da ta tsiro a gonarka, to wa zai bar ta ta girma? A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, bayan ya gaji da dashen da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa kowace shekara toho ne na itatuwan da saiwarsu ke raye a ƙasa. A zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi, a datse sauran, shi ke nan. Yunwar 1984 ta sa jama'a suka gwada saboda abincin da ake bayarwa a bakin aiki. Da abincin ya ƙare da yawa suka sare nasu, waɗanda suka bari kuwa su aka zo ana kallo. Yau masu bincike na ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Abokina ya ce aikin hannun bai wuce na adda ba. Wahalar tana ga mutum ya kwana yana juya abin a ransa har ya yarda a kira shi raggo a bakin kasuwa, shekara biyu ko uku, kafin itacen ya yi masa shaida.

Mun sauka ƙauyen da la'asar sakaliya. Abin da ya fara tarbar mu rijiya ce. A wannan yanki ruwa na da nisa, sa ne ke jan wasaki, yaro na kora shi har ya yi ƙanƙane a ido kafin ruwan ya iso baki. Mata masu azumi na tsaye da jarkoki, ba mai ƙarfin hira.

Malam tsoho ne siriri, ɗan Tijjaniyya, yana zaune kan buzu a zaure. Abokina, wanda a ofis mutane ke miƙe masa, ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa. Aka sha ruwa da fura da 'yan dabinon da muka kawo. Bayan magariba aka shimfiɗa farin ƙyalle aka yi wazifa, daga ɗaya gefen gari kuma lasifikar masallacin 'yan Izala na tashi. Tun da aka kafa ƙungiyar a Jos a 1978 ta ƙetaro iyaka ake wannan ja-in-ja, amma a nan na ga sa ɗaya ke ja wa ɓangarorin biyu ruwa.

Bayan asham wani saurayi ya yi sallama. Tun shigowarsa na ga alamar wanda ya sha duniya kuma duniya ta sha shi. Daga baya aka ba ni labarinsa: yana cikin waɗanda suka ruga Jado da aka ga zinariya a 2014, da hukuma ta rufe wurin a 2017 ya zarce gaba, ya yi shekaru ba aike ba labari, ya dawo da jaka ɗaya da sabon shan tiramol da yake kokawar bari. Kuɗin motar tafiyarsa kuwa, jinginar rabin gonar gado aka yi wa wani ɗan kasuwar hatsi a Tasawa.

"Allah shi gafarta Malam, so nike in shiga i'itikahi bana. In an yi salla kuma a ba ni izinin halwa. Na gaji da halina."

"Madalla, ɗana. Wa ka bar ma gida?"

"Inna tana nan."

"Na san tana nan. Wa ke ɗebo mata ruwa? Dami nawa ya rage a rumbu?"

Saurayi ya sunkuya.

"Mutumin Tasawa fa, kun gana tun da ka dawo?"

Nan ma shiru. Malam ya ja tasbaharsa kaɗan, sannan ya ce, ba da faɗa ba, "Ba masallaci kake nema ba, maɓoya kake nema. Wanda ka ɓata ma rai yana waje, kai kana son ka shige ciki ka ja ƙyaure."

Sai ya juyo gare mu ya mai da abin karatu, ina jin don ya rage wa yaron nauyi. Ya ce a mazhabar Maliku mai i'itikafi ba ya fita gai da mara lafiya, ba ya bin gawa, ba ya ciniki. Saboda tsananin wannan yankewa ne malaman fiƙihu, har da mai Muhtasar, suka karhanta mutum ya shiga bai tanadi abin da zai ishe shi ba. Shi a ganinsa tanadin bai tsaya ga fura da tufafi ba, ya haɗa da duk wanda ke da hakki a wuyanka. Tuba ma in ta shafi hakkin mutane ba ta cika da nadama kaɗai, sai an mayar ko an nemi yafiya.

Na sha jin masu wa'azi a gidajen rediyo suna yi wa halwa dariya, wai zaman kashe wando ne da rawani. Malam ba ya cikinsu. Shi kansa ya yi halwa da ƙuruciya, kuma washegari da yamma zai shiga i'itikafi a masallacin Juma'a kamar kowace shekara, bayan ya auna wa iyalinsa hatsin kwana goma. Bai kuma sallami yaron hannu wofi ba. Ya ba shi istigfari da salati daidai ƙarfinsa, ya ce kullum bayan asuba ya tafi gindin gawon da ke gonarsu shi kaɗai, ba waya ba aboki, ya zauna har rana ta fito, ya jera a ransa duk wanda ya cuta, ɗaya bayan ɗaya, kada ya nema wa kansa uzuri. In rana ta fito ya ɗau adda ya yi sassaben rabin da ya rage musu. Da dare ya zo tahajjudi. Kafin duk wannan, ya je Tasawa.

Da dare ya raba, muna kwance a tabarmi a ƙofar zaure don zafi, Malam ya kawo zancen Abdullahi ɗan Fodiyo. Labari ne da Abdullahin ya ba da da kansa a Tazyinul Waraƙati. Wajajen 1807, ana tsakiyar yaƙi da Gobir, ya duba ya ga waɗanda aka fito da su don gyara sun koma neman dawaki da ƙwaraƙwarai da mulki. Ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki, ya rabu da kowa. Da ya iso Kano mutanen garin suka riƙe shi, ya tarar da irin cutar da ya gudo wa, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda za su yi hukunci. Nan ya rubuta Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, sannan ya juya ya koma wurin yayansa. A 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi.

Yawanci in ana ba da labarin nan sai a nuna kamar Abdullahi ya yi fushi ne ya huce. Ni ban ɗauke shi haka ba. Wanda ke tsakiyar ganima da wuya ya ga abin da ganima ke yi wa mutane, sai da ya ja baya ya gani, kuma littafin da alƙalai suka daɗe suna dubawa daga wannan ja da bayan ya fito. Bambancinsa da saurayinmu shi ne Abdullahi ba wanda ke bin sa bashi a inda ya baro. Na faɗa wa Malam haka. Ya yi dariya ya ce 'yan boko ba su rasa magana, amma bai ƙaryata ni ba.

Da safe muka je gai da uwar yaron. Mun same ta tana sussuka, leɓɓanta na motsi, tasbaha rataye a wuya don hannu ba sarari. Tana cikin asusun Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, wanda ya bazu har ƙasashen da ba su san Hausa ba. Da rancen asusun take sayen gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli da mai, da shi ta riƙe gida duk shekarun da ɗanta ya ɓace. Maza mun kwana muna tattauna yadda ake haɗa zikiri da aiki, ita kuwa ba wanda ya taɓa tambayar ta, kuma ba ta taɓa samun kwana goma da za ta ja ƙyaure ba. Da abokina ya ce, "Inna, sannu da ƙoƙari," sai ta ce, "Yo in ban yi ba wa zai yi?"

Komawa ta Tasawa muka yi, don motar da ta samu ke nan. Saurayin na bisa buhuna tare da mu, sanye da rigar salla ta wani, ya aske kai. Hanya ta yi tsawo, mota ta kafe a rairayi aka sauka aka tura, shi ne a gaba wajen turi ko da yake leɓensa ya bushe. Bai yi magana ba sai da muka hango gari. Ya ce ba shi da ko dala da zai ba mutumin, abin da zai roƙa shi ne a bar shi ya noma rabin da aka jinginar a raba amfanin, har Allah ya hore masa fansa.

A tasha ya diro ya kakkaɓe riga, ya tambayi wani ɗan kamasho layin 'yan hatsi. Abokina ya cusa masa kuɗin komawa a aljihu, ya ƙi, ya sake ƙi, sannan ya karɓa.

"Yaya, ku sa ni addu'a. Alhajin nan an ce ba shi da sauƙi."

"Allah shi dafa maka. In ya yi faɗa ka ƙyale shi ya gama, yana da gaskiya."

Ya ratsa tsakanin amalanke da masu babur ya shige kasuwa. Mu kuma motar Maraɗi saura mutum biyu ta cika, yaron mota na ta buga ƙofa.