Kafin ka cire kwaɗon, duba ƙofar

'Yan uwa 'yan Arewa da ke karatu a Kudu, musamman 'yan kwamfuta. Mu 'yan ajin ƙarshe mun fara haɗa kaya, lokacin miƙa ragama ya yi, to ga wata magana da ba a koyar da ita a aji.

Shekara 2 ke nan ina kula da 'yar sabar ƙungiyarmu, tsohuwar kwamfuta ce mai Ubuntu a ofishin ƙungiya. A ciki muke ajiye tambayoyin jarrabawar baya da sunayen sababbin ɗalibai masu neman masauki, har da lambobin wayarsu. Amanar mutane ce, shi ya sa na ga kalmar sirri kaɗai ba ta isa ba, na ƙara kwaɗo na biyu.

Ɗora shi ba wuya wallahi. A Linux, mai gadin ƙofa shi ne PAM, tsarin da Sun Microsystems ya fito da shi a 1995. Ka rubuta sudo apt install libpam-google-authenticator, ka kira google-authenticator, ka ɗauki hoton QR da wayarka. Sai ka ƙara layin auth required pam_google_authenticator.so a fayil ɗin /etc/pam.d/sshd, ka mai da KbdInteractiveAuthentication zuwa yes a sshd_config, ka sake tayar da SSH. Daga nan mai shiga sai ya kawo lamba 6 da ke canzawa duk daƙiƙa 30.

Wajen cirewa ne ake kuka. Wanda zai gaje ni ya ce lambar na ɓata masa lokaci, zai yi apt remove ya huta. Na ce malam, dakata! Ko purge ka yi, wancan layin da aka rubuta da hannu yana nan daram, don fayil ɗin na SSH ne, apt ba zai taɓa shi ba. PAM zai nemi kwaɗon ya rasa, kuma tunda an rubuta required, duk mai shiga da kalmar sirri korarsa zai yi, har kai mai sabar. Maganin sai mutum ya zauna gaban na'urar da kansa. To in hakan ta faru ana hutu, kana Gusau ko Damaturu fa? Tafiyar yini da kwana ce, ga kuɗin mota, ga sababbin yara sun sauka tasha ba wanda ya san inda za a kai su.

Ga yadda ake yi: fara goge layin, ka bar tagar da kake ciki a buɗe, ka buɗe wata ka gwada shiga. In ta karɓe ka, sannan ka cire manhajar, ka goge fayil ɗin .google_authenticator.

Ni dai na roƙe shi ya bar kwaɗon, ya yarda. Ya haɗa da tasa wayar, lambobin gaggawa 5 ɗin nan kuma mun rubuta a takarda mun damƙa wa shugaban ƙungiya, don waya kan faɗi, kan kuma sace ta.

Duk wanda ke riƙe da sabar ƙungiya ko ta firojet, don Allah kar ka tafi bautar ƙasa da makullin jama'a a aljihunka. Zauna da na bayanka, ya saka ya cire a gabanka. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kai mu gida lafiya.