Ƙanena ya tafi Sifaniya koyon harshe, ya tarar da aya

A wannan wata labarin ƙanena zan ba ku. Ni karatuna ya tsaya a ƙaramar lakwal. Shi kuwa ya yi lise, ya samu bak, ya shiga jami'a yana karatun aikin gona. A shekara ta 2022 aka zaɓe shi cikin wani tsari na musayar ɗalibai. Tsarin shi ne ɗalibi ya je wata jami'a ta ƙasar waje, ya yi rabin shekarar karatu, ya komo ya ida saura a gida. Ya tashi daga Yamai cikin Satumba, ya komo ƙarshen Janairu na 2023. Wata biyar ke nan.

Ƙasar da aka tura shi ita ce Sifaniya, birnin kuma Balansiya. Yana gabashin ƙasar, bakin tekun Bahar Rum. Bayan Madrid da Basalona babu birnin da ya fi shi yawan jama'a a ƙasar. Harshensu Sifaniyanci, wanda ƴan lakwal suke ce ma Espanyol. Ba ƙaramin harshe ba ne. Mutane kusan miliyan 500 ne suka tashi da shi tun daga goyo, galibinsu a ƙasashen kudancin Amurka da Meksiko. A Afirka ma akwai ƙasa guda da take aiki da shi, Gini Ikwatoriya.

Ƙanena ya tafi da Faransancinsa, yana zaton zai fisshe shi. Bai fisshe shi ba. Ya ce makon farko kamar kurma ya zama. A kanti da yatsa yake nuna abin da yake so. Takardar hayar ɗaki da aka miƙa masa, sai da wani ya karanta masa ita. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar bisa benci! Ga kuma wata matsala. Allunan hanya da yawa ba da Sifaniyanci aka rubuta su ba. Mutanen jihar suna da nasu harshe, Balansiyanci, gwamnati kuma ta yarda da shi, ana koyar da shi a lakwal. Sai ya riƙa neman kalmar da ya gani bisa allo cikin ƙamus, ba ya samun ta.

Abin da ya ba ni mamaki, Hausa ce ta agaje shi a aji. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kamar namu. Abin da aka rubuta shi ake faɗi, ba kamar Faransanci ba da ake jera baƙaƙe huɗu a ƙarshen kalma a ƙi faɗin ko ɗaya. Suna da "r" iri biyu, mai sauƙi da mai kaɗa harshe. In ka ce "pero" ka ce "amma". In ka kaɗa harshe ka ce "perro", to kare ka kira. Abokan karatunsa na Ingila da Jamus sun sha wuya a nan. Shi kuwa tun yana yaro yake kaɗa harshe. Akwai kuma kalmomi biyu, "ser" da "estar", da suke rikita baƙi. Ƙanena ya lura bambancinsu ya yi kusa da na "shi manomi ne" da "yana gona". Ɗaya abin da mutum yake ne, ɗaya inda yake ko halin da yake ciki.

Amma karatun aji daban, maganar titi daban. Mutanen suna magana da sauri kamar ruwan ƙanƙara bisa kwano. Wata biyu yana ji kaɗan kaɗan, bakinsa kuwa bai buɗe ba. Kunya ta hana. Da dare sai ya kira ni a waya, ya ce sanyi ya fara, kuɗin bursi ba su kai ƙarshen wata, mutanen nan kuma ba su cin tuwon dare sai ƙarfe tara ko goma.

Aya ce ta buɗe masa baki.

Wata rana wani abokin karatu ya saya masa wani farin abin sha mai sanyi. Suna kiran shi "horchata", ana faɗin orcata. Da ya kurɓa sai ya ce, wannan ai kunun aya ne! Aka ce masa da "chufa" ake yin shi, wato cufa, don su "ch" suke rubutawa inda muke rubuta "c". Aka nuna masa ƙwayar. Aya ce sak, irin wadda muke nomawa a Agye da Cadawa da Gazawa. Kofi guda yuro 3 aka biya. Yuro guda kuwa tamma 656 ne na sefa. Kusan jikka biyu ke nan, kofi guda. Ku da kuke kai tiya kasuwa, ku yi lissafin da kanku.

Gonakin ayar suna arewa ga birnin, wajen wani gari Alboraya. Suna shuka cikin Afrilu da Mayu, su tone daga Nuwamba zuwa Janairu. Ya zo daidai lokacin. Sai ya riƙa zuwa duk ranar Asabar. Ya ga suna ƙone busasshen ganye kafin tono, kamar yadda muke yi. Sai dai su na'ura ce take tona, ta kaɗe ƙasa. Mu kuwa mata ne suke yini cikin ƙura da rariya. Bayan sun wanke, sai su shanya ta cikin ɗakuna masu iska har wajen wata uku, ana juya ta.

Can ya saba da wani tsoho manomi. Tsohon bai san Faransanci ba, bai kuma damu da kuskuren nahawu ba. Tambayoyi gare shi: ku da ban-ruwa kuke noma ta? Ƙanena ya ce a'a, da ruwan sama, cikin jigawa. Taki fa? Ba ta cinye muku ƙarfin ƙasa? Abin da ya sani ne ake tambayar shi, dole ya nemo kalmomin. Ya ce abin da ya koya ranakun Asabar ɗin nan ya fi na mako guda a aji. Ni ma na ga haka a cibiyarmu: ranar da darasi ya zo bisa awon gero ko kuɗin taki, har masu shiru sai sun yi magana.

Tsohon ne ya tura shi ya ga kotun ruwa. Duk ranar Alhamis da tsakar rana, manoma takwas cikin baƙaƙen riguna suna zama ƙofar babbar majami'ar birnin. Kowane yana wakiltar hanyar ruwa guda daga kogin Turiya. Wanda ya sha ruwa ba ranarsa ba, ko ya ɓata ma maƙwabci shuka, nan ake kawo shi. Da baki ake shari'ar, da Balansiyanci, a yanke nan take. Hanyar ruwa "acequia" suke ce mata, daga Larabci ne. Musulmi sun mulki birnin har shekara ta 1238, sun kuma bar kalmomi da yawa. Sukari "azúcar", shinkafa "arroz", duk daga can ne.

To ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Ayar da suke nomawa ba ta isar su. Suna sayen ta Nijar da Mali da Burkina Faso. Amma tasu tana da suna, "Chufa de Valencia", da hatimi, da hukumar da take tsaron sunan. Wanda bai noma ta a yankin ba, doka ta hana shi liƙa wannan suna bisa buhunsa. Tamu kuwa in ta bar hannun manomi, ta bi ta hannun dillali da ɗan kasuwa da mai jirgin ruwa, ta isa can "ayar Afirka" kawai ake ce mata. Ba Maradi, ba Agye. Da ƙanena ya faɗi sunan garinmu, tsohon ya sa ya maimaita har sau uku, don bai taɓa jin shi ba, alhali ya san buhunan. Ni a ganina ba ƙiyayya ba ce. Mai saye da mai noma ne ba su taɓa magana da juna ba, sai ta bakin wani.

Da ya komo, ya zo da takardar wani mai saye, ya fassara ma ƙungiyar manoman ƙauyenmu. Abin da suke so: aya busasshiya sarai, ba tsakuwa, ba ƙasa, manya daban, ƙanana daban. Wasu suka ce aikin ya yi yawa, wa zai biya wahalar? Wasu suka ce a gwada da buhu ashirin. Har yanzu ba a gama wannan gardama ba.

Ranar 29 ga Oktoba 2024 ambaliya ta afka ma jihar Balansiya, mutane fiye da 200 suka rasu. Ƙanena ya kwana biyu yana neman tsohon a waya. Rana ta uku ya ɗauka. Ya ce ruwan kudancin birnin ya yi ma ɓarna, su na arewa sun tsira. Ina zaune kusa, ban ji komi cikin hirarsu ba sai "cufa". Da ya ajiye waya ya ce tsohon yana tambaya ko mun fara tono.