Wa Ya Sa Biyar a Tsakiya?

A kasuwar Njamena kuɗi ɗaya suna uku gare shi. Abin da ɗan lakwal ke kira faran 100, mu dala ashirin muke ce masa, maƙwabcinmu Balarabe ya ce riyal ashirin. Ita kanta kalmar ashirin aro ce daga Larabci, kakanninmu gomiya biyu suke cewa. Da wannan ɗana yake kafa mini hujja duk ranar da ya faɗi jarrabawa: wai lissafi ƙirar mutane ne, wanda ake koya musu kuma na Nasara ne, me zai sa ya wahala a kansa?

A kan suna, yaron yana da gaskiya. Amma hatimi ya hana ni bin sa.

Marigayi babana yakan zana mai gida tara a allo, daga 1 zuwa 9, kowane layi ya ba da 15, a tsaye, a kwance, ko daga kusurwa zuwa kusurwa. Ina yaro na sha zama a rairayi ina neman in tayar da 5 daga tsakiya. Ta ƙi. Ga dalili: layi huɗu ne ke ratsa tsakiya, jimlarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, wato 45, na tsakiya kuwa sau huɗu. Rarar 15 ɗin nan ta gidan tsakiya ce sau uku. Biyar ke nan, ko sarki bai isa ya sauya ta ba. Mai gida huɗu kuwa, biyu-biyu, ba ya yiwuwa sam sai an maimaita lamba.

Sinawa sun san wannan hatimi tun da daɗewa, suna kiran sa Lo Shu. Malam Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin tsara irinsa, ya rasu a Alƙahira a 1741. Harshe dabam, rubutu dabam, kowa a tsakiya ya tarar da ita.

Ɗana ya ce ai mu muka kafa dokar wasan, kamar dara. Haka ne, mu muka ce layuka su daidaita. To in har amsar ma tamu ce, na ce masa, ga allo ga tawada, ya sa 6 a tsakiya. Yau kwana huɗu allon yana ɗakinsa.